Daga albarushi zuwa alburusai: asalin kalmar da abin da take nufi a yau

Duk lokacin da 'yan sanda suka baje kayan da suka ƙwato a Bauchi ko Gombe, jimlar da gidajen rediyo ke karantawa kusan iri ɗaya ce: an kama bindigogi kaza da alburusai kaza. Mai sauraro ya san abin da ake nufi, wato waɗannan 'yan ƙarafa masu tsini da ake jerawa a gidan harsashi. Amma in ka je wajen tsohon maharbi a ƙasar Ningi ko Alkaleri ka ce ya nuna maka albarushi, baƙin gari zai zazzago maka daga ƙaho ko 'yar kwalba, abin da ba a ƙirga shi ɗaya biyu, sai dai a auna. Dukansu biyu Hausa suke yi, kuma babu wanda ya yi kuskure. Kalmar ce ta yi tafiya tare da bindigar, sai ma'anarta ta faɗaɗa.

Albarushi daga Larabci ya zo, daga al-barud. Da farko ma ba garin da ke fashewa kalmar ke nufi ba, sunan farin gishirin nan ne da shi ne jigon haɗin, wanda masana ke kira nitiret na fotashiyam. Ibn al-Baitar, masanin tsirrai da magunguna ɗan Andalus da ya rasu a 1248, ya ambaci wannan gishiri da laƙabin ƙanƙarar Sin, ya kuma ce mutanen Magrib barud suke ce masa. Laƙabin ya yi daidai da tarihi, domin a ƙasar Sin aka fara haɗa garin. Daga baya sunan gishirin ya koma sunan garin gaba ɗaya, ya bi 'yan kasuwa da sojoji ya shiga harsuna da yawa: Turkawa na cewa barut, masu Swahili na cewa baruti. Hausa kuwa ta ɗauko shi da al ɗinsa na gaba, kamar yadda ta yi wa alƙali, alƙalami, albasa da aljihu. Harafin ƙarshe ya koma s a bakin Bahaushe, sannan da aka rufe kalmar da wasalin i sai s ɗin ya zama sh, bisa dokar nan da ta sa rasa ke ba da rashi, fasa ke ba da fashe. Shi ya sa a jam'i s ɗin ke dawowa: albarushi, albarusai. Masu cewa alburushi da alburusai sun ja wasalin tsakiya ne ya bi na bayansa, kuma a yau wannan lafazin ya fi yawa a labarai.

Harsashi ma Larabci ne, amma daga wani gida dabam. Rasas na nufin darma, ƙarfen nan mai nauyi da taushi da ake narkawa cikin sauƙi. Idan al ta haɗu da harafin r sai lam ɗin ya narke a ce ar-rasas, kamar yadda an-nabi ya ba mu annabi, at-tajir ya ba mu attajiri. Hausa ta taƙaita shi, ta sa h a gaba, sh ɗin ƙarshe kuma ya bi doka ɗaya da ta albarushi: harsashi, harsasai. Ita kanta bindiga daga bunduƙ take, sunan wani ɗan itace mai ƙwarya, wanda Larabawa suka ba 'yan dunƙulallun da ake harbawa da baka tun kafin a san bindiga.

Abin lura shi ne kalmomin biyu sun shigo ne a matsayin sunayen abubuwa biyu da ba su haɗa komai ba. Ɗaya gari ne mai cin wuta, ɗaya ƙarfe ne da ake jefawa. Haka ake sayensu dabam, a ajiye su dabam, a kuma ɗura su dabam. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai ɗura bindigar toka ya ga haka da idonsa. Zai tsayar da bindigar baki sama, ya auna albarushi ya zuba ta baki, ya cusa tsumma ko ɓawon rama, ya sa sandar ƙarfe ya danna har ya zauna daram. Bayan nan ne zai zuba harsashi, dunƙule ɗaya ko tsaba da yawa, ya sake toshewa da wani tsumman don kada su zube in ya sunkuyar da bakin. Sai ya koma wajen kunama. A tsohon samfuri dutsen ƙanƙara ne ke bugun ƙarfe ya ba da tartsatsi ya faɗa kan ɗan garin da aka barbaɗa a gefe. A samfurin baya, wanda ya yaɗu a Turai daga wajen 1820, 'yar hular tagulla ake kifawa a kan wani ɗan hanci, kunama ta sare ta, wuta ta bi ƙaramar kafa ta isa ga garin. Ƙwararre ne ke iya harbi biyu zuwa uku a minti ɗaya, kuma daga nan laƙabin harba-ka-ruga ya samo asali: in harbin farko bai kayar da ɓauna ba, babu lokacin na biyu.

'Yan bindigar sarki a hawan sallah su ne suka fi nuna bambancin a fili. Abin da suke ɗurawa a ƙofar fada albarushi ne zalla da tsumma, babu harsashi ko ɗaya. Ƙarar da ke girgiza ƙirji da farin hayaƙin da ke rufe dawaki duk aikin garin ne. Duk da haka ba wasa ba ne, domin tsumman da wutar da ke fita daga bakin suna iya ƙona fuska ko fasa ido a kusa, shi ya sa ake ɗaga bakin sama ko a kifa shi ƙasa nesa da jama'a.

Garin da kansa abu uku ne: gishirin da aka ambata, gawayi da farar wuta, kuma ma'aunin da littattafan tarihi suka sani shi ne kashi 75, 15 da 10 cikin ɗari. Gawayi da farar wuta su ne makamashi, gishirin kuma shi ke ba da iskar da wuta ke buƙata, wanda ya sa garin ke ci ko a cikin bututun da aka toshe. Aibinsa babba shi ne fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, yana komawa hayaƙi da toka. Sunan bindigar toka ke nan. Tokar tana manne a cikin bututu, bayan 'yan harbe-harbe ramin ya ƙuntata, ɗuri ya yi wuya. Tana kuma jan danshi, in aka bar ta ta kwana sai tsatsa ta fara cin ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. Maharbin da ya san aikinsa yana wanke bututun da ruwan zafi a ranar da ya yi harbi, ya busar, ya shafa mai. Garin ma ba ya shiri da laima. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, garin da aka bari a buɗe yakan dunƙule, ko ya ƙi tashi ko ya tashi a makare.

Bindiga ta daɗe a wannan yanki kafin Turawa. Mai Idris Alauma na Borno ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16, kuma a 1591 sojojin Maroko suka karya daular Songhai a Tondibi da bindigogi. Amma a yaƙe-yaƙen da suka kafa Bauchi a hannun Malam Yakubu da Gombe a hannun Buba Yero, doki da mashi da baka ne suka yi aikin. Dalilin ba ya rasa nasaba da garin: tsadarsa, nisan inda ake kawo shi, da yadda ruwa ke lalata shi. Rabe ne ya zo da rundunar da ta dogara da bindiga sosai, ya ci Borno a 1893.

A daidai wannan lokaci a Turai an riga an haɗe abubuwan nan biyu cikin kwanso ɗaya na tagulla. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da gari marar hayaƙi, kuma a shekarar ne Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai sarrafa kanta, wadda ke iya fitar da harsashi wajen 600 a minti. Sannan yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani da harsasansu zuwa mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da baƙin gari kawai. Sakamakon wannan ya bayyana a ƙasarmu. Turawa sun shiga Bauchi a farkon 1902. A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, masu kare wurin sun kori harin farko a watan Mayun 1903, amma a ranar 27 ga Yuli aka dawo musu da igwa da bindigar Maxim. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, shugaban rundunar Turawan, Manjo Marsh, shi ma ya mutu a wurin. Mai baka da mai bindigar toka sun fuskanci mutanen da ba sa auna gari, ba sa danna tsumma, sai dai su zura jigidar alburusai.

Tun daga nan abin da soja ko ɗan sanda ke riƙewa ya zama guda ɗaya mai sassa huɗu, kuma a nan ne harshe ya fara haɗe sunayen. Akwai kwanso, na tagulla ko na baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti, wanda ke riƙe komai. A gindinsa akwai ɗan maɓalli zagayayye mai sinadarin da ke tashi da an sare shi. A cikinsa akwai garin, wanda shi ne albarushi na ainihi ko da yake ba baƙin garin da ba ne. A bakinsa kuma an danne harsashi, darma ko ƙarfe a ciki, rigar jan ƙarfe a waje. In an ja kunama allura ta sari maɓallin, wuta ta shiga garin, iskar da ta taso ta tura harsashin ta bututu, kwanson kuma ya fice ta gefe. Tunda gari da ƙarfe sun zama abu guda da ake ɗauka da yatsa biyu, mutane suka kira shi da sunan kowanne daga ciki. Haka albarushi ya samu jam'in da a da bai buƙata ba, tunda ba a cewa garurruka ana nufin tsabar gari.

Lambobin da ake ji a rahotanni ma suna da ma'ana, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Idan aka ce 7.62×39, lambar farko faɗin bakin bindigar ne a milimita, ta biyu tsawon kwanson. Wannan shi ne na AK-47. Harsashinsa kusan giram 8 ne, garin da ke tura shi bai kai giram 2 ba, dukan abin kuma wajen giram 16, harsashin yana barin bakin bindiga da gudun da ya ɗan haura mita 700 a sakan. Gidan harsashinta na yau da kullum 30 yake ci. Amma akwai 7.62×51 na bindigogin G3 da FN, masu gida mai cin 20, akwai kuma 7.62×54 na bindigar PKM mai jigida, wanda gindinsa ke da leɓe. Dukansu 7.62 ne, amma babu wanda ke shiga bindigar ɗan'uwansa. Saboda haka rahoton da ya ce an kama alburusai masu lamba 7.62 ya tsaya a nan bai gama magana ba, bai gaya wa mai sauraro ko wace bindiga ake ciyarwa ba. Na ƙaramar bindiga galibi 9×19 ne. Na bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu kuwa wani abu ne dabam: kwanson roba mai gindin tagulla, cike da tsabar darma, kuma lambar 12 da ke jikinsa ba milimita ba ce, tsohon ma'auni ne na Ingila.

A gindin kowane kwanso akwai tambari da aka buga, yawanci alamar masana'anta da lambobi biyu na shekarar da aka ƙera shi. Da wannan masu bincike ke bin sawun inda kaya suka fito, ko daga waje ne ko daga masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Allurar kowace bindiga kuma tana barin nata tabon a kan maɓalli, kamar yadda layukan cikin bututu ke barin nasu zanen a jikin harsashi. Shi ya sa yaran da ke tsince kwansaye bayan an yi harbi a unguwa, da manyan da ke zuba su a aljihu don nuna wa mutane, suke ɓata shaidar da za ta iya kama mai laifi.

A ganina bai kamata masu rubutu da masu karanta labarai su bar kalmomin nan su narke cikin juna gaba ɗaya ba, domin Hausa tana da isassun sunaye. Alburusai ya dace da kayan da ba a harba ba, waɗanda aka samu a buhu ko akwati ko gidan harsashi. Abin da likita ya ciro daga jikin mutum harsashi ne, ba alburushi ba, tunda garin ya ƙone tun a cikin bindiga. Abin da aka tsinta a ƙasa kwanso ne. In ɗan jarida ya rubuta cewa an samu alburusai goma a wurin da abin ya faru, alhali kwansaye goma aka samu, ya canza labarin: na farko na nufin wani ya yar da kayansa, na biyu na nufin an yi harbi sau goma. Haka nan gidan harsashi ba harsashi ba ne. Gida huɗu cike na AK alburusai 120 ne, kuma mai fassara da ya mayar da su harsasai huɗu ya rage girman abin sau talatin. A kotu irin wannan bambanci yana da nauyi.

Wani abin sha'awa shi ne tsohon rabon bai mutu ba, ya koma wajen manyan bindigogi. Bauchi gari ne na sojojin igwa, da birged ta 33 a barikin Shadawanka, kuma duk wanda ya yi aiki a wannan fanni ya san cewa a igwa mai faɗin milimita 155 harsashi dabam ake ɗurawa, mai nauyin fiye da kilo 40, sannan a bi shi da jakunkunan gari gwargwadon nisan da ake so ya kai. A nan albarushi da harsashi suna nan a matsayinsu na asali.

Bambancin garin da da na yanzu kuwa magana ce ta rai da mutuwa ga maharba. Garin zamani ƙanƙane ne a ido, amma matsin da yake haifarwa ya ninka na baƙin gari nesa ba kusa ba. Bindigar da maƙeri ya yi da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota ba a yi ta don wannan matsin ba. Mutumin da ya fasa alburushin soja ya juye garin cikin bindigar toka, ya kuma auna shi da ma'aunin da ya saba, ya haɗa abin da zai tarwatse a fuskarsa. Sauran dalilan fashewar bututu su ma sanannu ne: ɗuri biyu a kan juna saboda an manta an riga an ɗura, laka ko gidan zanzaro da ya toshe baki, harsashin da ba a danna ya zauna kan gari ba aka bar sarari a tsakani, da tsatsar da ta cinye ƙarfe. Yatsu da idanu da yawa sun tafi ta waɗannan hanyoyi.

Alburushin zamani ma yana ba da matsala. Wani lokaci allura ta sara amma shiru, saboda danshi ko mai ya shiga maɓallin. Wani lokaci kuma ya yi jinkiri sannan ya tashi, don haka ƙa'ida ita ce a bar bakin bindigar yana kallon inda ba kowa na aƙalla sakan 30 kafin a buɗe. Mafi haɗari shi ne wanda ya yi ƙaramar ƙara ba ƙarfi: harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, kuma na biyun da zai biyo shi ne zai fasa bindigar. A ma'ajiya zafi ne abokin gaba. Garin zamani yana lalacewa a hankali, akwai sinadarin da ake sa masa don ya rage wannan, amma zafi irin na Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kusantar digiri 40 a inuwa, yana cinye sinadarin da wuri, kuma tsohon gari na iya kama wuta da kansa. Abin da ma'ajiyar makamai a tsakiyar jama'a ke iya jawowa an gan shi a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002, inda fiye da mutum dubu suka rasu, da yawansu a cikin magudanar ruwa suna gudun tsira.

Harbin sama a wajen biki ko murnar zaɓe shi ma ya samo gindin zama ne daga rashin bambance abubuwan nan biyu. Mutane sun saba da 'yan bindigar sarki, suna ɗauka duk ƙara ce kawai. Amma bindigar zamani ba ta harba gari zalla sai da alburushi na musamman marar harsashi, wanda bakinsa a tsuke yake. Na yau da kullum in ya tashi sai ya sauko. Wanda aka harba tsaye yana dawowa da gudun da ya isa ya huda ƙoƙon kai, wanda aka harba a karkace kuma yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu da ƙarfinsa, ya faɗa gidan da ba su ma ji ƙarar ba.

Doka ba ta raba bindiga da abincinta ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, na kai irin bindigar farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da masu ɗuri ta baki, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Riƙe alburusai ba tare da lasisin bindigar da ke cin su ba laifi ne mai zaman kansa, ko da ba a sami bindiga a hannun mutum ba. Manomin da garmarsa ta tono wani abu, ko ɗan gwangwan da ya ga ƙarfe mai tsini cikin kayan da ya saya, kada ya buga, kada ya sa a wuta don ya raba tagulla da darma, kada ma ya ɗauka ya kai da kansa in babba ne. Ya sa alama a wurin, ya hana yara zuwa, ya sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, su ne za su kira masu kwance bam.